Wadda Ta Sauko Daga Motar Maraɗi

Tun ƙarfe sha ɗaya na safe nake tsaye a bakin shagon Baba da ke Magama, kular abinci a hannuna, idona a kan shingen iyaka.

Abincin dai hujja ce kawai. In Baba ya sha kokon safe, ba ya ƙara cin komai kafin azahar, kuma ya san na sani. Kallona ya yi ta saman tabarau, ya girgiza kai, ya ci gaba da magana da direban da zai kwashe masa wake.

Mudathir nake jira.

Shekara guda da wata biyu rabona da ganinsa. Yana karatun shari'a a wata jami'ar Musulunci a Nijar, rufe iyakar da aka yi kuma ya hana shi zuwa hutun bara. Sai dai murya a waya, ita ma in sabis ya ga dama.

Da motar Maraɗi ta tsallako, jami'an shige da fice suka gama duba takardu, shi ne ya fara saukowa. Ya rame, gemunsa ya cika. 

Na ɗaga ƙafa zan nufe shi ke nan, sai na ga ya juya ya riƙe ƙofar motar.

Wata dattijuwa ta sauko. A bayanta wata budurwa, doguwa, cikin hijabi ruwan toka da farin gilashi. Ya karɓi jakarta tun kafin ta miƙa. Ta faɗi wata magana da Larabci, da sauri, shi kuma ya yi dariya...

Irin dariyar nan da yake yi har ya runtse ido, wadda na ɗauka ni kaɗai nake iya sa shi ya yi.

Sai a lokacin ya hango ni.

"Zulfa'u," ya ce, fuskarsa ta washe. "Malamata..."

Ya gabatar da su. Dattijuwar Hajiya Sakinatu ce, matar malaminsa Malam Zunnuraini, mutanen Maraɗi, sun zo biki wajen danginta a Bugaje. Budurwar kuma ɗiyarsu ce Sumayya, ajinsu ɗaya da shi, amma ita a sashen mata.

Ba sai an faɗa mini sunan ba. Shekara biyu ina jin sa a waya.

Na durƙusa na gaida Hajiya. Sumayya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi murmushi, ta gaishe ni da Larabci. Gaisuwa ce mai sauƙi, wadda nake koya wa ɗalibaina kullum a Islamiyya. Amma harshena ya sarƙe, na ce mata "wa anta", amsar da ake ba namiji.

"Wa anti ake cewa, 'yar'uwa," ta ce a hankali. "Ni mace ce."

Mudathir ya sunkuyar da kai.

Na dire kular a shagon Baba, na tari Keke Napep zuwa gida, ko sallama ban yi musu ba.

Abin da ya sa maganar ta yi mini zafi shi ne, tare muka rubuta jarrabawar shiga jami'ar nan ni da Mudathir, shekara uku da suka wuce. Tun muna Islamiyya muke gasa, shi daga Daddara yake zuwa a kan keke, ni ina nan cikin garin Jibiya. A gasar nan soyayya ta shiga tsakaninmu. Da sakamako ya fito, ni ce a sama da shi da maki goma sha ɗaya.

Baba ya ce ba inda zan je.

Ya ce ɗiya mace ba ta tsallaka iyaka ta zauna shekara huɗu ba muharrami, ga kuma halin da hanyoyi ke ciki. Inna ta roƙe shi, malamanmu suka zo har gida, bai sauya ba. Abin da ya yarda da shi kawai, iyayen Mudathir su kawo gaisuwa, a ɗaura aure in ya kammala.

Shi ya tafi, ni na zauna ina koyar da matan aure fiƙihu da yamma.

A shekarar farko, duk abin da aka karantar da su sai ya turo mini. Yakan ɗauki hoton shafi, ya ce in warware masa. A shekara ta biyu sai wani suna ya fara shigowa. Sumayya ta ce wannan hadisin akwai magana a kansa. Sumayya ta aro masa littafi a ɗakin karatun babanta. Sumayya ta haddace baitocin nahawu dubu.

Nakan yi dariya in ce Allah ya ƙara mata basira, in na kashe wayar kuma in kifa kai a kan filo.

Washegarin isowarsa ya zo zance bayan la'asar. Ya kawo mini kilishin Nijar da littattafai uku. Na zauna a can ƙarshen tabarma, na ƙi kallonsa.

Ya tambayi abin da ya yi mini. Na ce ba komai. Ya ce Sumayya ba da wata manufa ta gyara mini ba, haka ɗabi'ar ɗalibai take.

"To ni da ba ɗaliba ba, ina zan san ɗabi'arsu?"

"Haba rabin raina..."

"Me ta faɗa maka da kuka sauko daga mota?"

Ya yi ɗan tunani, ya ce wallahi ya manta, wata barkwanci ce a kan wani jandarman Nijar da ya tsare su a Ɗan Isa. Ya yi ƙoƙarin fassara mini, ya ce sai dai da Larabcin ta fi armashi.

Bai san wannan ta fi komai ƙona mini rai ba. Suna da harshen da suke dariya a cikinsa, ni kuma sai an fassara mini.

Na ce kaina ke ciwo, na shige gida.

Kwana huɗu bayan nan Gwaggo Uwa, yayar Baba, ta dawo daga bikin Bugaje. Ko mayafi ba ta cire ba ta sa aka kira Baba tsakar gida. Ta ce da kunnenta ta ji Hajiya Sakinatu tana gaya wa mata cewa Malam ya samar wa Mudathir gurbin ƙaro karatu a Maroko, shi da Sumayya, kuma ya ba shi ita. Wai magana ta kusa ƙarewa, abin da ya rage a sallami ta Jibiya cikin mutunci.

"Ta Jibiya," Gwaggo ta maimaita tana tafa hannu. "Ɗiyarmu ce ta Jibiya, Ya'u."

Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi in maganar gaskiya ce, gobe a haɗa kayan gaisuwarsu a mayar Daddara.

Na shiga ɗaki na kira Mudathir, na ce ya zo yanzu.

A zaure na tare shi, ban ba shi tabarma ba.

"Malam ya ba ka ɗiyarsa?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce wa ya gaya mini. Na ce ba wannan na tambaya ba.

"Ya yi mini maganar, cikin azumi."

"Ka ce me?"

"Na ce ina da alkawari."

"A take ka faɗa?"

Mudathir bai iya ƙarya ba, abin da na fara so a wurinsa ke nan, ranar kuma shi ne na tsana. Ya dubi ƙasa ya ce Malam ya ba shi mako guda ya yi shawara, ya koma masa bayan kwana uku.

Kwana uku...

Na tambaye shi me ya yi ta aunawa har kwana uku. Ya ce ba ni yake aunawa ba, karatun ne, dama ce da ɗan tela daga Daddara ba ya samun irinta sau biyu, ga nauyin malami. Na ce ita fa, ko sau ɗaya bai taɓa jin wani abu game da ita ba?



"Ina jin daɗin magana da ita a kan karatu. Ba zan ɓoye miki ba. Amma ke nake so, Zulfa'u."

Na shiga gida na kwaso littattafan nan uku, da duk waɗanda ya taɓa kawo mini, na zube su a gabansa.

"Kai mata. Ita za ta gane su."

Ya kira sunana har sau uku, ban waiwaya ba.

Baba ya ce a dakata da mayar da kayan tunda yaron ya ce ya ƙi, amma ya hana shi zuwa gidan sai ya bincika. Ni kuwa na rufe lambarsa. Mako guda ban ci abincin kirki ba. In na rufe ido sai in gan su a ɗakin karatun Malam, kai kusa da kai a kan littafi ɗaya, alhali na san a jami'ar ma ba a haɗa maza da mata. Sanin hakan bai hana ni gani ba. Har shafinta na sada zumunta na nemo a waya, ina karanta abin da take rubutawa da Larabci ina neman kuskure. Ban samu ko ɗaya ba.

Ranar Asabar ina cikin aji, ina yi wa matan aure bayanin rabon gado, sai na ga hijabi ruwan toka a bencin baya.

Sumayya ce.

 Na ce a raina yau ko zan mutu ba zan yi tuntuɓe a gabanta ba. Na ci gaba. Wata ɗaliba ta kawo mas'alar gidansu, mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'yan'uwa, wasu uwa ɗaya, wasu uwa ɗaya uba ɗaya. Na warware ta a allo daki-daki, na kawo saɓanin malamai, na faɗi wanda ake bi a mazhabarmu.

Da aka tashi, ta jira kowa ya fita, ta zo ta tsaya a gaban allon tana kallo.

"Ashe ke ce da gaske," ta ce, wannan karon da Hausarta ta Maraɗi.

Na ce me take nufi.

Ta ce a shekararsu ta farko babanta ya ba ɗalibai irin wannan mas'alar, maza da mata, ba wanda ya kawo amsa cikakkiya sai Mudathir. Ita kanta ta kasa. Malam ya yaba masa a gaban jama'a, shi kuma ya miƙe ya ce ba aikinsa ba ne, wata yarinya ce a Jibiya ta warware masa ta waya. Tun ranar babanta yake kiran sunana a gida in yana so ya zaburar da ita.

"Duk littafin da na ara masa, sai ya ce bari ya ɗauka ya tura wa Zulfa'u. In na kawo hujja, sai ya ce Zulfa'u ta taɓa cewa kaza. Shekara biyu ina jin sunanki har na tsane shi."



Ta ce bikin Bugaje ba dole ne ta zo ba, ni ta zo gani. Larabcin da ta yi mini a bakin iyaka da gangan ta yi, ta ga na rikice ta san zan yi kuskure. Maganar da mahaifiyarta ta yaɗa a wurin biki kuma da saninta, sun yi fatan Babana zai fusata ya raba mu, tunda shi Mudathir ya ƙi.

"To me ya kawo ki yanzu? Haƙuri za ki ba ni?"

"A'a." Ta gyara gilashinta. "Ina son shi, ba zan ce miki na daina ba. Shekaranjiya ya je Bugaje ya gaya wa Hajiya, a gabana, cewa ko kin ƙi shi ba zai karɓi gurbin ba. Na zo ne in ga wadda aka bar Maroko dominta."

Ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"Jibi za mu koma. In kin sake shi, ki sani ba zan bar shi ya daɗe a ƙasa ba."

Na zauna a kan benci har aka kira magariba.

Na ji sanyi a raina, ba zan musa ba. Amma kishin bai tafi ba, sai ma na ga ainihin fuskar kishin da kyau. Shekara guda ta rage wa Mudathir a can, ita tana kusa, ni ina nan. Kuma ko babu Mudathir, wannan yarinyar tana zaune a kujerar da na ci jarrabawarta. Za ta fito da takardar shahada, ni kuma in ci gaba da warware wa wasu mas'ala ta waya.

Da safe na sami Baba yana shan koko kafin ya fita shago. Na durƙusa nesa da shi kaɗan.

"Uwata, lafiya?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na gaya masa duk abin da Sumayya ta faɗa. Sannan na ce ina da roƙo. Na ce shekara uku da suka wuce ya hana ni tafiya saboda babu muharrami, ban yi masa musu ba don hujjarsa gaskiya ce. To in an ɗaura auren yanzu, ga muharrami.

Gwaggo Uwa da ke gefe ta ce lallai na yi ido, ɗiya mace da bakinta take neman a matso da aurenta. Ta ce ɗalibi ko kansa bai riƙe ba, ina zai kai mace, a ƙasar da ba dangin uwa ba na uba.

Baba ya ɗaga mata hannu.

"Auren kike so ko karatun?"

"Duka biyun, Baba."

"In na ce ki zaɓi ɗaya fa?"

Hawaye suka zubo mini. Na ce in ya ce haka zan bi umarninsa kamar yadda na bi a da, amma zan ci gaba da jin abin da nake ji duk ranar da na ga wata ta dawo da littafi a hannu. Na ce na gaji da jin haushin mutanen da ba su ɗauki komai nawa ba.

Ya ajiye ludayin, ya dubi ƙofar gida. Ya ce ba ilimina yake ƙi ba, hanyar yake tsoro, shi da yake zaune a bakinta kullum yana jin abin da ke faruwa. Daga nan ya tashi ya fita bai ƙara komai ba.

Kwana biyu bai tayar da maganar ba. A na uku ya aika Daddara a kira Mudathir da baffansa.

Inna ce ta ba ni labarin abin da aka yi a zaure. Baba ya tambaye shi inda zai ajiye ni. Ya ce akwai unguwar da ɗalibai masu iyali suke kama ɗaki kusa da sashen mata, kuma yana ɗinki a can ranakun da babu darasi. Baba ya tambaye shi in ya kammala baɗi, ni kuma saura shekara uku, ya za a yi. Ya ce zai zauna ya koyar a wata makaranta har in gama. Baba ya ce ya maimaita wannan a gaban baffansa. Ya maimaita.

Da yamma aka ce ana sallama da ni.

Mudathir ne, ya rame fiye da ranar da ya sauka. Littattafan suna cikin buhu a bayan babur ɗin da ya aro.

"In shigo da su, ko har yanzu ba a buƙata?"

Na ce ya ajiye a nan. 

"Kwana ukun nan ba zan manta da su ba, Mudathir."

"Na sani."

"Kuma in muka je, ba ka ƙara aron littafi a gidan Malam. In ana buƙata ni zan je in aro."

Ya yi ƙoƙarin danne murmushi, ya kasa.

"Na ji, hasken idona. Sai me kuma?"

"Ka yi nadamar Maroko?"

Ya ce zai yi ƙarya in ya ce abin bai taɓa shi ba, ya so ya ga ƙasar, ya so ya zauna gaban malamanta. Amma da ya auna tafiyar da babu ni a ciki, sai ya ga ba ya so.

Na ja hijabi na rufe fuskata don kada ya ga abin da maganar ta yi mini.

Aka ɗaura aure bayan mako biyar, ba wani taro mai yawa. Na sake rubuta jarrabawar, na yi wata guda ina bitar nahawu kamar zan haɗiye littafin, na kuma ci. Sumayya ta turo saƙo ta wayar Hajiyarta, layi ɗaya, addu'ar da ake yi wa ma'aurata. Na karanta sau biyar ina neman abin da ke ƙarƙashinta, sannan na amsa da amin. Daga baya na ji ita ta tafi Maroko tare da yayanta. Na taya ta murna, na kuma ji ɗan zafi, duka a lokaci guda.

Ranar tafiyarmu Inna da Gwaggo suka tsaya a gida suna kuka, Gwaggo ta fi kowa, ta cusa mini ƙullin kuka da daddawa a jaka tana cewa miyar can ba ta da daɗi. Baba ya ce shi ba rakiya zai yi ba, shago zai je, hanya ce kawai ta haɗa mu.

Amma da muka isa bai shiga shagon ba. Ya biyo mu har teburin jami'in da ke duba takardu, yana riƙe da ƙaramar jakata, ya ƙi ba kowa.

Jami'in ya san Baba. Suka gaisa, ya buga wa Mudathir hatimi, ya karɓi takardata yana dubawa.

"Amarya ce, Alhaji? Rakiyar miji za a rubuta ke nan."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni.

"A'a," ya ce. "Karatu za ta. Shari'a za ta karanta. Ta fi shi maki ma."

Ya miƙo mini jakar, ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ku tafi, Uwata, kada rana ta yi muku. In kin isa ki kira ni da kanki."